Itanol Daga Ɓawon 'Ya'yan Itace: Zai Yiwu a Kano?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk maganar makamashi mai rahusa tana samun masu saurare a Kano. Ɗaya daga ciki ita ce ta fitar da itanol daga ɓawon ayaba, abarba, mangwaro da lemo. Ga tambayoyin da aka fi yi a kai.

Shi itanol ɗin mene ne?

Sinadari ne garai-garai kamar ruwa, mai saurin kama wuta. Shi ne a cikin yawancin sanitaizar da muka yi ta shafawa lokacin korona. Brazil ta kama shirin sarrafa shi daga rake tun 1975, Amurka kuma daga masara take yin nata, duk suna gauraya shi da fetur. Najeriya ma ta fitar da manufa a 2007 ta zuba kashi 10 cikin 100 a fetur, sai dai har yau ba mu gani a gidajen mai ba.

Ta yaya ɓawo zai zama makamashi?

Sirrin yana cikin sukarin da ya rage a jikinsa. Ana markaɗa ɓawon, a dafa shi da ruwa, idan ya huce a zuba yis irin na masu burodi, a rufe a mazubin da iska ba ta shiga amma tana iya fita. Cikin 'yan kwanaki yis zai cinye sukarin, ya fitar da itanol da iskar kabon. Daga nan sai a ɗora a wuta. Itanol yana tafasa a digiri 78, ruwa kuwa sai a 100, don haka tururinsa ke fara tashi, a bi da shi ta bututu mai sanyi ya koma ruwa. Ko an maimaita tacewar, itanol ɗin da ke cikin abin da aka tace ba ya wuce kashi 95 zuwa 96 cikin 100, saura ruwa ne. Wanda za a haɗa da fetur sai an ƙara tsotse sauran ruwan da kayan masana'anta.

Nawa ake samu?

A nan ne nake roƙon matasa su nutsu. Kilo ɗaya na sukari zalla, ko yis ya yi aikinsa ba asara, abin da zai bayar wajen rabin kilo ne kawai na itanol, wato ƙasa da kwalbar lita. Ɗanyen ɓawo kuwa mafi yawansa ruwa ne. Saura kuma akasari zare ne mai tauri wanda yis ba ya iya ci, sai an narkar da shi da asid ko wasu sinadarai masu tsada. Ga kuma wutar tacewa: in ka ƙona gas ko itace mai yawa don ka samu 'yar kwalba, an yi ba a yi ba ke nan. Zafin Kano ma ƙalubale ne, domin yis ya fi son wajen digiri 30, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40.

Wane ɓawo ya fi?

Na abarba, mangwaro da nunanniyar ayaba, saboda zaƙinsu. Na lemo yana da matsala. Man nan mai yaji da ke fesowa ido in ana ɓare shi yana hana yis aiki, dole a fara cire shi. Abin daɗin shi ne man kansa haja ne, ana sa shi a sabulu da kayan ƙamshi.

To ba giya ba ce wannan?

A sinadarance shi ne abin da ke sa maye a cikin giya, babu amfanin ɓoye hakan. Shi ya sa a masana'antu ake gauraya na makamashi da abin da zai hana shansa. Wanda aka tace daga ɓawo yana iya ɗauke da metanol, gubar da ke makantarwa, tana kuma kisa. Hukuncin sarrafa shi don girki, mota ko asibiti kuwa na malamai ne, kuma duk mai niyyar sana'ar a Kano ya fara da jin ta bakinsu da neman izinin hukuma.

Ina ya dace a yi shi?

Ba a tsakar gida ba. Harshen wutarsa da ƙyar ake ganinsa da rana, tururinsa kuma yana iya tayar da gobara. Wurin da lissafi zai iya fita shi ne inda kaya suka taru da kansu, irin Kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa, inda manyan motoci ke sauke lemon Binuwai da ayaba da abarbar Kudu. Abin da ya fi ɓawo daraja a can shi ne kayan da suka lalace a hanya, domin sukarinsu ya fi yawa, kuma a halin yanzu bola suke tafiya, su toshe magudanai da damina. Sai dai a tuna masu kiwo ma suna ɗibar ɓawo don awaki da tumaki, ba duka ne yasasshe ba.

Ni a ganina, matakin farko shi ne ƙungiyar 'yan kasuwar ta ware wurin tara ruɓaɓɓun kaya daban da leda, masana sinadarai na Jami'ar Bayero su auna abin da ke taruwa a kowane yanayi na shekara. Idan awon ya nuna itanol ba zai biya kuɗin wutarsa ba, kayan nan dai za su ba da gas ɗin girki da taki, waɗanda ba sa bukatar tacewa.