Hanyar Katy

Hanyar Katy doguwar hanyar shaƙatawa ce a jihar Missouri ta ƙasar Amurka, wadda aka keɓe wa masu keke da masu tafiya a ƙasa. Tsawonta ya kai kusan kilomita 386, daga Machens a gabas zuwa garin Clinton a yamma, kuma tana cikin mafiya tsawo a irinta a ƙasar. An hana mota da babur hawanta. Dawaki kuwa an yarje musu a wasu sassa kaɗai, kamar tsakanin Clinton da Sedalia.

Asalinta layin dogo ne na kamfanin Missouri-Kansas-Texas. Ambaliyar 1986 ta lalata layin, kamfanin ya daina bin sa. Da ma a 1983 an yi wa dokar hanyoyi ta Amurka gyara, inda aka ba da damar mayar da tsohon layin dogo hanyar jama'a, da sharaɗin in jirgin ƙasa ya sake buƙatarsa za a mayar masa. Masu gonakin da layin ya ratsa ba su ji daɗi ba, don sun sa ran filin zai dawo hannunsu, har wasu suka je kotu. Wani attajiri mai suna Edward "Ted" Jones da matarsa Pat ne suka ba da kuɗin aikin, aka buɗe sashen farko kusa da garin Rocheport a 1990.

Da yake jirgin ƙasa ba ya son hawa da gangara, hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, ko yaro ko tsoho zai iya tuƙa keke a kanta. An malala mata niƙaƙƙen farin dutse, wanda a lokacin rani kan bule ƙafa da tayar keke da farar ƙura. Fiye da rabinta tana bin gaɓar Kogin Missouri: ruwa da gonakin masara da waken soya a hannu ɗaya, dogayen duwatsu a tsaye a ɗaya hannun. Gaɓar nan ce ayarin masu binciken ƙasa Lewis da Clark suka bi a 1804. Ɗaya daga cikin wuraren da suka fi jan baƙi shi ne Rocheport, inda ake ratsa ramin jirgin ƙasa da aka fafe cikin dutse a 1893.

Kogin da ya ƙawata hanyar shi ne kuma babbar matsalarta. Ambaliyar 1993 ta cinye dogon sashe nata, abin da ya ja aka kai 1996 kafin a kammala sashen da ya haɗa garuruwan St. Charles da Sedalia. Har yanzu in kogin ya cika akan rufe wasu sassa sai ruwa ya janye.