Baklink: mi ne ne, kuma ina mutum zai samu wanda zai ɗaga shafinshi a Google?

Aikina gina shafukan intanet ne ma ƴan kasuwa da ƙungiyoyi a nan Yamai, kuma kusan duk wanda na gama ma aiki sati biyu ba su cika sai ya bugo waya, wai ya rubuta sunan kayanshi a Google bai ga kanshi ba. Na bayan nan kawuna ne mai ɗinkin kayan fata a Wadata, ya zaunar da ni cikin rumfa yana yanka fata yana jero mini tambayoyi har la'asar. Ga su nan, na haɗa da na wasu kiliyan, da amsar da nike ba su.

Ɗana, wai shi baklink ɗin nan da kake ta faɗi mi ne ne?

Linki ne da ke zaune a shafin wani, in an taɓa shi ya kawo mutum naka shafin. Shi ke nan. Wanda kai ka sa a shafinka zuwa na wani, baklink ne ga wancan mutumin, ba gare ka ba.

Yadda na yi ma Kawu bayani: baƙo ya sauka tashar mota yana neman takalmin fata mai ƙwari, ya tambayi mutum biyar, huɗu sunka ce mashi ya tafi rumfar wane. Ai ba ya buƙatar ya zagaye kasuwa, can zai nufa. To Google ma da haka ya fara. A 1996 Larry Page da Sergey Brin suna ɗalibai a jami'ar Stanford ta Amurka sunka fara wani injin bincike da sunka kira BackRub, aikinshi ƙirga waɗanda ke nuna kowane shafi, daga nan anka samu lissafin da ake kira PageRank, a 1998 kuma kamfanin Google ya tsaya da ƙafarshi. A lissafin nan linki kamar shaida ce, kuma shaidar mai daraja ta fi nauyi, sannan shafin da ke nuna wurare ɗari nauyin shaidarshi rabuwa yake yi tsakaninsu, kowa ya samu ɗan kaɗan. Yau Google na duba abubuwa da yawa ban da linki, amma har yanzu yana cikin ma'auni, kuma ta hanyar bin linki ne ma injin nasu ke gano sabbin shafuka.

Ke nan wanda ya fi yawan linki shi ke hawa sama?

A'a. Linki ɗaya daga jarida da mutane ke karantawa ko daga shafin jami'a kamar Abdou Moumouni ko Djibo Hamani ta Tawa ya fi ɗari biyar daga shafukan da babu mai buɗe su. Sannan akwai dangantaka, mai kayan fata in shafin da ke maganar sana'ar hannu ko yawon buɗe ido ya nuna shi, wannan ya dace, amma in shafin caca ne da wani harshe da ko karanta shi ba ka iyawa, mi ya haɗa ku? Kuma linki goma daga wurare goma daban daban sun fi linki ɗari daga wuri guda, don mutum ɗaya ko sau nawa ya yabe ka shaida ɗaya ce.

Kalmomin da anka ɗora linkin a kansu su ma suna magana. In an rubuta "takalman fata na Yamai" anka sa linki a kai, Google ya samu haske kan abin da shafin ya ƙunsa, ya fi "taɓa nan". Sai dai in duk linkinka da kalma guda sak anka rubuta su, alama ce ta shiri, ba haka mutane ke rubutu ba.

Ni fa kullum ina sa linkina a Facebook da gurup gurup na WhatsApp, wannan bai isa ba?

Wata Hajiya mai turaren wuta ce ta yi mini wannan, kuma na ce mata Hajiya kar ki bari, ci gaba, don yana kawo masu saye. Amma maganar ɗaga shafi a Google daban ce. Abin da ke cikin hirar WhatsApp Google ba ya ganinshi sam. Manyan shafukan sada zumunta kuma galibi suna liƙa ma linkin waje wata alama da ake rubutawa nofollow cikin kod, ma'anarta "ban tsaya mashi ba". An fito da ita a 2005 saboda masu cika wuraren sharhi da linkin talla. A 2019 Google ya ƙaro biyu, sponsored ta linkin da anka biya kuɗi, da ugc ta abin da baƙin shafi sunka rubuta da kansu, ya kuma ce daga lokacin zai riƙa ɗaukar alamomin a matsayin nuni ne ba umurni ba. Wikipedia ma haka take, linkinta na waje nofollow ne, don haka masu zuwa suna cusa tallarsu cikin maƙalolin Hausa na can wahalar banza suke yi, kuma suna ɓata aikin ƴan sa kai.

Wani ya turo mini saƙo zai ba ni baklink dubu a jikka goma sha biyar, in biya?

Don Allah kar ka biya. Ni na taɓa yi lokacin da na fara aikin ga, shafin wata ƙaramar makaranta ce na gina, ina son in nuna ma mai ita sakamako da wuri, na tura ma wani da ban taɓa gani ba kuɗi. Bayan kwana uku ya aiko mini da dogon jeri, na zauna da dare ina buɗe su ɗaya ɗaya har forfe na ya ƙare, wani shafin maganin ƙarfin maza ne, wani rubutu ne da babu kai babu gindi an soka sunan makarantar a tsakiya, wasu ma ba su buɗewa. Shafin bai motsa ko taki ɗaya ba, kuma abin da ya fi ci mini rai sunan makarantar yara ne ke zaune a irin waɗannan wurare. Na je na gaya ma mai makarantar gaskiya, na ɗauki asarar.

Saye da sayar da linki don a ɗaga matsayi ya saɓa ma ƙa'idar Google ƙarara. A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta tono yadda dubban linkin banza sunka ɗaga babban kantin JC Penney na Amurka, Google ya tunkuɗa su ƙasa na kusan wata uku. A Afrilun 2012 Google ya fito da wani gyaran lissafinshi mai suna Penguin musamman don irin wanga aiki, shafuka da yawa sunka faɗi. Daga 2016 Penguin ya koma yawanci yana share darajar mugun linki ne kawai, ka biya kuɗi a banza ke nan, amma har yanzu ma'aikatansu na iya hukunta shafi da hannu in abin ya yi yawa. In kanti mai wannan girma bai tsira ba, ina ga butik ɗinmu?

Talla ba laifi ba ce fa. Kana iya biyan jarida ta tallata ka, sai dai a sa ma linkin alamar sponsored ko nofollow.

To ina zan samu na gaskiya?

Nan ne nike son mutane su tsaya. Mafi yawan linkin da kake buƙata suna hannun mutanen da kun riga kun san juna, roƙo ne kawai ba ka yi ba. Da Kawu takarda munka ɗauko munka rubuta duk wanda ya taɓa hulɗa da shi kuma yana da shafi: otal ɗin da ke sayen jakunkuna don baƙinsu, wata ƙungiya da ta taɓa ba yaranshi horo, wani ɗan ƙasarmu da ke sarin kayan yana sayarwa a Faransa. Kowanne munka kira shi, gaisuwa tukuna, sannan Kawu ya ce in ba damuwa a sa sunanmu da adireshin shafinmu inda kuke lissafa abokan aikinku. Wasu sun sa, wasu sun ce to har yau shiru, haka abin yake.

Sai ƴan jarida. In wani daga Le Sahel ko ActuNiger ko Studio Kalangou ya zo ya yi hira da kai kan sana'arka, kafin ya tashi ka ba shi adireshin shafinka a rubuce ka roƙe shi ya sa in tsarin gidansu ya yarda. In an riga an ambaci sunanka wani wuri babu linki, aika saƙo cikin ladabi, wannan shi ne mafi sauƙin samu tunda sun riga sun san ka. In kina baje koli a SAFEM, wato bikin baje kolin sana'ar hannu ta mata, ko kana cikin wata ƙungiyar masu sana'a, duba ko suna da jerin mahalarta a intanet, ka tabbatar kana ciki.

Amma babbar hanya ita ce ka rubuta abin da wani zai so ya nuna. Ba wanda zai sa linki zuwa shafin da babu komi sai "muna da kaya masu inganci, a kira mu". Kawu ya san yadda ake jimar fata da bagaruwa, ya san yadda ake bambanta fatar akuya da ta tunkiya da hannu kawai, ya san abin da ke sa takalmi ya tsage lokacin hunturu. Na ce Kawu wannan ilimin shi ne jarinka, na kunna rikoda a waya yana magana yana nuna mini, na ɗauki hotuna na mayar da shi rubutu. Mai albasar Galmi zai iya rubuta yadda ake adana ta cikin rudu da lokacin da farashi ke hawa da sauka, mai gyaran sola ya rubuta yadda ake lissafin batir ɗin da gida ke buƙata. Ɗalibi mai rubuta memuwar, ɗan jarida, ma'aikacin ƙungiya, duk suna neman irin wanga bayani kan Nijar suna rasawa, ranar da sunka same shi wurinka kai za su nuna. Kuma a ganina nan muka fi wasu sa'a, rubutu kan harkokinmu da Hausa bai yi yawa ba, gasar ba ta yi zafi ba, linki kaɗan masu kyau suna iya yin aikin da a wata ƙasa sai an tara da yawa.

Da Hausa zan rubuta ko da Faransanci?

In da hali duka biyu, kowanne da shafinshi daban. Faransanci ne zai jawo ma'aikatu da ƙungiyoyi da jaridun Yamai, Hausa kuma ta buɗe maka Kano da Katsina da Sakkwato.

In na ce ma abokina sa ni in sa ka fa?

In sana'arku ta shafi juna ba komi, mai fata da mai ɗinki su nuna juna abu ne da ya dace. Abin da Google ya hana shi ne a mayar da shi sana'a, mutum hamsin su haɗa gurup kowa na nuna kowa.

Yaya zan ga waɗanda sunka nuna ni, kuma sai yaushe zan ga canji?

Yi rajistar shafinka a Google Search Console, kyauta ne, akwai sashen linki da ke nuna shafukan da ke kawowa wurinka da kalmomin da sunka yi amfani da su. Kamfanonin da ke bin diddigin linki kamar Ahrefs da Semrush da Moz suna ba da bayani mai zurfi amma cikakken aikinsu na kuɗi ne. Kuma makin ƙarfin shafi da za ka ji ana cewa DA ko DR, na farko na Moz ne na biyu na Ahrefs, ƙiyasinsu ne, Google ba ya aiki da su, kar wani ya sayar maka da linki da sunan "DA 70".

In ka ga wasu baƙin shafuka na banza sun nuna ka ba da saninka ba kar hankalinka ya tashi, kowa na samun su, galibi Google watsi yake yi da su. Akwai hanyar barranta da su da anka buɗe a Oktoban 2012, amma an yi ta ne don wanda ya sayi linki ko anka hukunta, ba abin taɓawa kullum ba ne.

Lokaci kuma, lissafa da watanni. Sai injin ya sake ziyartar shafin da ya nuna ka, ya auna, kuma shafinka in yana da nauyin buɗewa a waya shi ma yana ja maka baya, don haka rage girman hotuna tun yanzu.

Ni butik gare ni a Tawa, masu sayena ƴan gari ne, ina buƙatar duk wannan?

Ba sosai ba. Fara da Google Business Profile, shi ma kyauta ne, ka sa wurinka daidai a taswira, lambar waya, lokacin buɗewa da rufewa, hotuna na gaske, ka roƙi masu sayenka su rubuta ra'ayinsu. Sunan butik da lambar su zama iri ɗaya duk inda ka rubuta su. Bayan wannan in ka samu linki biyu ko uku daga mutanen garin, ƙungiyar ƴan kasuwarku ko gidan rediyon da kake ba talla in suna da shafi, ya ishe ka farawa.