"Barazanar ƙarewa": wa ke yin barazanar, kuma a ina abin ya ƙare?

Duk shekara idan 3 ga Maris ta zagayo, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa namun daji, sai kalmomin nan biyu su cika rediyo da shafukan sada zumunta. Giwa na barazanar ƙarewa, zaki na barazanar ƙarewa, har kura. 'Yan siyasa ma sun ara sun yafa, jam'iyyar adawa ita ma "tana barazanar ƙarewa".

Mu fara gyara jimlar kanta, don ita ce ke fara sosa mini rai. A Hausa mai barazana shi ne mai zare ido yana cewa zai yi kaza. Idan mai karanta labarai ya ce "dorina na barazanar ƙarewa", abin da ya faɗa shi ne dorinar ce ta tara mutane ta ce musu in ba a yi mata yadda take so ba za ta ƙare, kamar matar da ke barazanar yin yaji. Dorina ba ta yi wa kowa wannan alkawari ba. Ita ake yi wa barazanar. Sai a ce tana fuskantar barazanar ƙarewa, ko a sauƙaƙe a ce ana fargabar ƙarewarta. Wani zai ce wannan ƙaƙale ne, ai kowa ya gane. To, amma duba abin da kuskuren ya yi: ya cire mai laifi daga cikin zancen. Babu mai sare daji, babu mai bindiga, babu mai sayen haure, dabba ce kawai ta ga dama.

Sai masu cewa "ɓacewa". Akuyarka ce ke ɓacewa, ka ba da cigiya, a gan ta bayan kwana biyu a gidan mai unguwa. Abin da ya ƙare ba a cigiyarsa. Baƙar karkandar yammacin Afirka, wadda ragowarta na ƙarshe suka rayu a arewacin Kamaru, an bi sawunta a 2006 ba a ga ko ɗaya ba, a 2011 aka ayyana cewa ta ƙare. Wannan ba ɓata ta yi ba.

Kalmar tana da gidan da ta fito. Akwai ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, da aka kafa a 1948, hedkwatarta na garin Gland a Suwizalan. Tun 1964 take fitar da abin da ake kira Jan Kundi, inda ake ɗora kowace halitta a kan wani mataki. Matakan tara ne, amma uku kacal ake nufi idan an ce barazana: mai rauni, sai wadda ke cikin haɗari, sai wadda ke cikin matsanancin haɗari. Ƙasa da su akwai wadda ta kusa shiga da wadda ba a fargaba a kanta. Sama da su akwai wadda ta ƙare a daji, sai a gidan zu kawai, da wadda ta ƙare ƙurmus. Sauran biyun na waɗanda ba a tantance ba ne da waɗanda bayanai a kansu ba su isa a yanke hukunci ba.

Kuma ba da tausayi ake hawa matakan ba, da lissafi ne. Ɗaya daga cikin ma'aunan shi ne yawan balagaggun da suka rage: ƙasa da 1,000 mai rauni ce, ƙasa da 250 tana cikin haɗari, ƙasa da 50 ta shiga matsanancin haɗari. Wani ma'aunin kuma saurin raguwa ne, kashi 30 ko 50 ko 80 cikin ɗari, a cikin shekara 10 ko tsawon zuriya uku, duk wanda ya fi tsawo. Ga ɓera shekara 10 ke nan, ga giwar fili kuwa kusan shekara 75. Saboda haka dabba na iya kai dubu ɗari a ce tana cikin haɗari, don gangarowar da take yi ta yi sauri.

Rashin sanin cewa tsani ne ke sa a karanta albishir da muryar ta'aziyya. Mariri, farar dabbar nan ta Sahel mai dogayen ƙahoni masu lanƙwasa kamar takobi, a 2000 aka ce ta ƙare a daji. Daga 2016 aka fara sako waɗanda aka kiwata a Abu Dhabi cikin gandun Ouadi Rimé-Ouadi Achim na Chadi, suka hayayyafa. A Disamba 2023 aka mayar da ita matakin "cikin haɗari". Ga wanda bai sani ba, mummunan labari ne. Ga wanda ya sani, an sauko da ita mataki biyu daga bakin kabari.

Amma abin da ya fi damuna tambaya ce da kusan ba a taɓa yi: a ina? Ƙarewa tana da adireshi. Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar ƙaramar ƙasa, shi ya sa zan tsaya a Gambiya.

Gambiya siririn tsiri ce da ta bi kogi, Senegal ta kewaye ta ta ko'ina sai bakin tekun Atlantika. Faɗinta kusan murabba'in kilomita 11,300 ne, jihar Kano ta kusa ninka ta biyu, kuma mutum sama da miliyan biyu ke zaune a ciki. Dubi tambarin ƙasar: zakuna biyu ne a tsaye, da gatari da fartanya. Babu zaki a dajin Gambiya. Tambarin da Turawan Ingila suka yi mata zamanin mulkin mallaka giwa ce a jiki, ita ma tun farkon ƙarni na 20 aka harbe ta ƙarshe, shekarar da aka fi ambato ita ce 1913. Raƙumin dawa ya tafi. A 1977 shugaban ƙasar na farko, Dawda Jawara, ya fitar da Sanarwar Banjul, inda ya amsa da bakinsa cewa cikin ɗan ƙanƙanin lokaci yawancin manyan namun dajin ƙasar sun shuɗe tare da mafi yawan kurminta.

Yanzu je ka buɗe Jan Kundi ka nemi zaki. Mai rauni, matakin farko na barazana. Wato ga duniya zaki na nan, da sauran numfashi, domin akwai dubbai a Tanzaniya da kudancin Afirka. Ga Bagambiye kuwa zaki ya ƙare tun kafin a haifi babansa. Dukansu gaskiya suka faɗa. A tsakaninsu akwai gaskiya ta uku: zakin yammacin Afirka, da aka ware aka auna shi kaɗai, a 2015 aka sa shi cikin matsanancin haɗari, balagaggu ba su kai 250 ba. Binciken da aka fitar a 2014 ya same su a wurare ƙalilan: Niokolo-Koba a Senegal, can sama a kan wannan kogin Gambiya ɗin, sai dajin W da Arli da Pendjari da ya haɗa Nijar da Burkina Faso da Benin, sai Kainji da Yankari a Najeriya. Dabba ɗaya, hukunci uku. Mai labarai da ya ce "zaki na fuskantar barazanar ƙarewa" ya yi shiru, wanne ya gaya mana?

A nan ne nake da ja da kundin, ko in ce da yadda ake riƙe shi. An yi shi don ya amsa tambayar duniya: shin wannan halitta za ta shuɗe daga doron ƙasa? Tambaya ce mai kyau, amma ba a duniya mutum ke zaune ba, a ƙauyensu yake. Dabba na iya zama a matakin "babu fargaba" alhali an share ta daga ƙasa guda, kundin ko gezau. Jami'in da ke son kare kansa sai ya ɗauko wannan ya ce ai masana sun ce babu matsala. IUCN da kanta ta tanadi hanyar auna dabbobi ƙasa-ƙasa, har da matakin "ta ƙare a wannan yanki", sai dai wannan aiki ne mai cin kuɗi da ƙafa, kuma ba shi ake kawowa a labarai ba.

Abin da ya rage wa Gambiya yawanci ƙanana ne da na ruwa. Gadu, mazo, gada, kura, da birai kala-kala. Akwai dorina a can saman kogi, mai rauni a kundin, kuma manoman shinkafar da take shiga wa gona da dare ba su ga raunin ba. Akwai ayu a cikin rassan kogin, ita ma mai rauni, ayun nan dai da Bahaushe ya fi sanin manta fiye da kamanninta. A bakin teku wajen Niumi akwai wani dolfin mai ƙusumbi na Atlantika, da aka sa cikin matsanancin haɗari a 2017. Ba kifi ba ne, shayar da ɗansa yake yi, kuma komar masunta ce ta fi kashe shi. Yana cikin waɗanda suka fi kusa da bakin rami a ƙasar, amma ban taɓa jin an ambace shi ranar 3 ga Maris ba, don ba shi da haure ba shi da geza.

Birai kuwa, a nan Hausa ke ba mu matsala. Komai biri ne. Gwaggon biri ma mun ɗora wa bika, mun ɗora wa cimfanzi, mun ɗora wa gorila. A Gambiya akwai biri mai jan gashi da ke cikin haɗari, kolobus na Temminck. Mai fassara da ya ga "ja" ya ga "biri" sai ya rubuta jan biri ya wuce. Amma jan birin da muka sani, mai ɓarnar gona, wata dabba ce dabam: a ƙasa yake yawo, ya fi kowane biri gudu, kuma matakinsa a kundin bai kai na barazana ba tukuna, kusa da shi yake. Manomin da ya ji a rediyo cewa jan biri na gab da ƙarewa, alhali jiya ya kore su daga gyaɗarsa, zai ce waɗannan mutane maƙaryata ne. Daga ranar ba zai ƙara yarda da komai daga bakinsu ba, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Sunan kolobus daga Girkanci yake, ma'anarsa wanda aka datse, mai dungu. Dalili shi ne ba shi da babban yatsan hannu, sai ɗan tsiro. Turawan da suka fara ganinsa sun ɗauka naƙasa ce, alhali yatsu huɗun ƙugiya ne da yake kama reshe da su idan ya yi tsalle. Ganye yake ci, cikinsa ɗaki-ɗaki ne kusan irin na saniya, inda ƙwayoyin halitta ke narka masa ganyen. Wannan duk yana nufin abu ɗaya: rayuwarsa a saman itace take, kuma yana bukatar itatuwan su haɗa kai da juna. Ba sai an harbe shi ba. A yanka titi ta tsakiyar kurmi, a ja wayar lantarki, a sako karnuka, an gama da shi a hankali.

Ana ganinsa a Abuko, gandun farko na ƙasar da aka keɓe a 1968, wanda bai wuce hekta ɗari da 'yan kai ba, kuma gari ya riga ya kewaye shi. Ana ganinsa a Bijilo, ɗan kurmin bakin teku kusa da otal-otal, inda 'yan yawon buɗe ido ke miƙa wa wasu birai masu tsanwan gashi gyaɗa. Waɗancan masu karɓar gyaɗar ba a fargaba a kansu, sun saba da mutane, suna da yawa. Baƙo ya gan su ya koma gida ya ce birai sun cika Gambiya. Wani ɓangare na wannan kurmin aka sare aka gina babban zauren taro na ƙasa da ƙasa, wanda aka buɗe a 2020, aka yi taron ƙolin ƙasashen Musulmi a cikinsa a 2024. Sunan wa aka sa wa zauren? Dawda Jawara, mai Sanarwar Banjul.

Wannan ya isa ya nuna cewa shiga Jan Kundi ba doka ba ce, kuskuren da ake yawan yi a taruka. Kundin ba ya kama kowa, ba ya hana tarakta. Yarjejeniyar CITES ta 1973 ce ke kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, abin da ke faruwa a cikin gida kuwa sai dokar ƙasar da kuma albashin mai gadin daji.

Akwai dabba ɗaya da ke rikita duk wannan lissafi. Cimfanzi ya ƙare a dajin Gambiya tun farkon ƙarni na 20. A 1969 Stella Brewer, wadda mahaifinta jami'in gandun daji ne a ƙasar, ta fara renon marayun cimfanzi da aka ƙwace daga hannun masu fataucinsu. Ta kai su Niokolo-Koba, na dajin can suka ƙi karɓarsu, sai a 1979 aka mayar da su tsibiran da ke tsakiyar kogi, cikin gandun Kogin Gambiya. Yau sun haura 100 a kan tsibirai uku, yawancinsu a nan aka haife su, jikoki da tattaɓa-kunnen waɗancan marayu. Irinsu na yammacin Afirka yana cikin matsanancin haɗari tun 2016. Ruwa ya kewaye su, ba sa iyo, ba za su iya ƙetarawa ba. Baƙi ba sa sauka a tsibiran, daga cikin jirgi ake hango su, kuma daga cikin jirgi ma'aikata ke jefa musu ƙarin abinci. To, a ce cimfanzi ya dawo Gambiya, ko a ce har yanzu ya ƙare a dajinta, sai dai gidan zun ne ya yi faɗi? Ni dai na fi karkata ga na farko, saboda a can suke haihuwa, su yi faɗan shugabanci, su ɗinka sheƙar kwana a kan itace kowace yamma ba tare da wani ya koya musu ba. Amma duk wanda zai faɗa a rediyo cewa sun dawo, ya ambaci tsibiran, ya ambaci jirgin abincin.