Boren Indiya na 1857: Ƙarancin Soja da Ƙarancin Kuɗi

Boren Indiya na 1857 tawaye ne da sojojin Indiya masu yi wa Kamfanin Gabashin Indiya aiki suka tayar a barikin Meerut ranar 10 ga Mayu, 1857. Daga nan wutar ta ci arewacin ƙasar da tsakiyarta, ba ta mutu murus ba sai a 1859. Turawan Ingila sun daɗe suna ce masa boren soja, Indiyawa da yawa kuwa yaƙin neman 'yanci na farko suke kiransa. A wancan lokaci kamfanin 'yan kasuwa ne ke mulkin Indiya da izinin majalisar Ingila, yana karɓar haraji daga Indiyawa, yana biyan Indiyawa albashin soja su tsare masa ƙasar. Da sojojin suka juya masa baya, sai bindiga da kuɗi suka kuɓuce masa a tare.

Mafarin rikicin

An kawo wa sojoji sabuwar bindiga ƙirar Enfield, wadda harsashinta ke zuwa cikin ƙunshin takarda mai maiƙo. Sai soja ya ciji bakin takardar da haƙori kafin ya ɗura albarushi. Labari ya bazu cewa maiƙon na kitsen saniya ne da na alade, ga shi kuwa Hindu na tsarkake saniya, alade kuma haramun ne ga Musulmi. A Meerut sojojin doki 85 suka ƙi taɓa harsashin, aka yanke musu ɗauri, aka buga musu mari a ƙafa a gaban 'yan'uwansu ranar 9 ga Mayu. Washegari bariki ya kama da wuta. Da safiyar 11 ga wata 'yan tawayen suka shiga Delhi, suka ce sarkin daular Mughal da ke zaune a birnin, Bahadur Shah, wanda ya haura shekara 80, shi ne shugabansu.

Harsashin dai ashana ce kawai, itacen ya daɗe a jibge. Tun kafin boren, Gwamna Janar na Indiya, Dalhousie, ya ƙwace masarautu irin su Satara da Jhansi da Nagpur bisa hujjar cewa sarakunansu sun mutu ba su bar ɗan cikinsu ba. A 1856 aka haɗiye Awadh, ƙasar da sojojin rundunar Bengal (rundunar Kamfanin a arewacin Indiya) da yawa suka fito, aka kuma kafa dokar da ta wajabta wa sababbin kurata zuwa yaƙi ko da a hayin teku ne.

Ƙarancin soja

A farkon 1857 sojojin Turawa a Indiya ba su wuce kimanin 45,000 ba, 'yan ƙasa kuwa sun haura 230,000. 'Yan kaɗan ɗin ma ba a inda ake bukatarsu suke ba. An jibge da yawa a Punjab da kan iyakar Afghanistan, wasu suna yaƙi a Farisa. Delhi, duk da babbar ma'ajiyar makaman da ke cikinta, ba ta da rundunar Turawa ko ɗaya.

Neman agaji daga gida ma tafiyar hawainiya ce. Babu wayar tangaraho tsakanin Indiya da Ingila, saboda haka labarin Meerut bai isa Landan ba sai ƙarshen Yuni. Ba a haƙa mashigin Suwez ba tukuna, dole jiragen ruwa su zagaya ta kudancin Afirka, tafiyar wata uku ko fiye. Gwamna Janar Canning, wanda ya gaji Dalhousie, ya roƙi a karkato masa da sojojin da ke kan hanyar zuwa yaƙi a ƙasar Sin, aka kuwa yi masa haka. Waɗanda suka sauka a Kalkata, jirgin ƙasa na kai su Raniganj ne kawai, nisan mil 120, nan dogo ya ƙare. Sauran tafiyar a keken shanu ake yinta ko a jirgin kogi, a tsakiyar zafi da damina. Kwalara ta kashe babban kwamanda Anson a ƙarshen Mayu tun bai ga Delhi ba, ta kuma kashe Barnard, wanda ya karɓi rundunar, a farkon Yuli.

Rundunar Ingila da ta yada zango a kan tudun da ke arewa da Delhi tun 8 ga Yuni sunanta mai ƙawanya, amma a gaskiya ita ce aka yi wa ƙawanya. Abin da ya cece ta shi ne Punjab, inda John Lawrence, babban jami'in Turawa na lardin, ya ƙwace makaman rundunonin da bai yarda da su ba, ya ɗebi Sikh da Pathan da Musulmin Punjab ya tura. Sarakunan Patiala da Jind da Nabha sun tsare hanya, sojojin Gurkha 'yan Nepal kuma sun yi yaƙi tare da Turawa. Delhi ta faɗi a Satumba 1857, kuma mafi yawan waɗanda suka ci ta Indiyawa ne. Lucknow, babban birnin Awadh, sai Maris 1858. Sarauniyar Jhansi, Lakshmibai, ta mutu a fagen fama kusa da Gwalior a Yunin shekarar. An yi kisan gilla ta kowane ɓangare. A Kanpur an kashe mata da yaran Turawa kusan 200, ramuwar Turawa kuwa ta wuce misali: rataya ba shari'a, ƙona ƙauyuka, da ɗaure mutum a bakin igwa a harba.

Baitulmali

Babbar hanyar samun kuɗin Kamfanin ita ce harajin ƙasa, wanda ake tarawa da tsabar azurfa a baitulmalin kowace gunduma. Masu gadin waɗannan baitulmalai su ne sojojin da suka yi bore. A gari bayan gari abin da ake fara yi shi ne a fasa taska, a buɗe kurkuku, a cinna wa ofishin haraji wuta. Manoma kuma sukan bi har gidan masu ba da bashi da ruwa su ƙone littattafan bashin. Ta haka gwamnati ta rasa kuɗin da ke hannu, ta rasa takardun da za ta san wa ke binta wa take bi, a daidai lokacin da kuɗin jigilar soja da ciyar da su ke ninkuwa. Sai ta koma cin bashi a Kalkata da Landan.

An ƙiyasta cewa murƙushe boren ya ci kusan fam miliyan 40. Bashin da ke kan gwamnatin Indiya ya tashi daga kusan fam miliyan 60 zuwa kusan miliyan 100 cikin 'yan shekaru. Ingila ba ta ɗauki nauyin ba, a kan harajin Indiya aka ɗora shi. Wato wanda aka doka shi ya biya kuɗin sanda.

A 1859 aka ƙara kuɗin fito da harajin gishiri, aka kuma aiko James Wilson, wanda ya kafa mujallar The Economist, ya gyara lissafin. A Fabrairun 1860 ya gabatar da kasafin kuɗi, ya kawo harajin samu karo na farko a Indiya. Gwamnan Madras, Charles Trevelyan, ya fito fili ya soki harajin, aka sauke shi. Wilson kansa bai ga amfanin aikinsa ba, atini ya kashe shi a Kalkata a watan Agustan shekarar.

Sabon tsari

Dokar majalisar Ingila ta Agusta 1858 ta karɓe mulki daga hannun Kamfanin ta miƙa wa Sarauniya Victoria. Sanarwar 1 ga Nuwamba ta yi wa sarakunan Indiya alkawarin ba za a ƙara ƙwace musu ƙasa ba, domin an ga amfanin waɗanda suka tsaya tare da Turawa. Wannan dabara ta mulki ta hannun sarakuna ita ce daga baya Gwamna Lugga, wanda aka haifa a Madras a 1858, ya shimfiɗa irinta a Arewacin Nijeriya.

A fannin soja an rage 'yan ƙasa, an ƙara Turawa, ana neman Bature ɗaya ga Indiyawa biyu a Bengal, ɗaya ga uku a Madras da Bombay, manyan bindigogi kuma kusan duka suka koma hannun Turawa. Sojan Bature ya fi na ƙasa tsada nesa ba kusa ba, kuma daga harajin Indiya ake biyansa. Ko a 1859 sai da sojojin Kamfanin Turawa suka yi nasu guntun boren, don an mayar da su sojojin Sarauniya ba tare da an ba su kuɗin sabon ɗauka ba. Kimanin 10,000 daga cikinsu suka karɓi sallama, aka saka su a jirgi zuwa gida.