Waiwaye: Yadda Yarima George na Clarence ya kai ga halaka

Tun da aka tono ƙasusuwan Sarki Richard na 3 na Ingila a wani wajen ajiye motoci a Leicester a 2012 gardama ta ƙi mutuwa, har yau wasu na cewa da hannunsa a kisan wansa George na Clarence. To lamarin nan fa ba dare ɗaya ya faru ba.

Farkon labarin sananne ne. George ƙanin Sarki Edward na 4 ne, a 1469 ya auri Isabel 'yar babban basaraken Warwick a garin Calais ba da yardar sarki ba, shi da surukin nasa suka yi tawaye, a 1471 ya dawo aka yafe masa.

Inda mutane ba sa tsayawa shi ne Disamba 1476, lokacin da Isabel ta rasu wata biyu da ɗoriya bayan haihuwa, jaririn ma ya bi ta. George ya kafe guba aka ba ta. A Afrilun 1477 ya tura mutanensa da makamai har Somerset suka kamo wata bazawara, Ankarette Twynho, wadda ta yi wa marigayiyar hidima, suka kai ta garin Warwick inda maganarsa ce doka, rana ɗaya aka gurfanar da ita aka yanke hukunci aka rataye ta. Daga baya jikanta ya kai kuka majalisa, ya ce wasu cikin waɗanda suka same ta da laifi sun je sun roƙe ta gafara, wai tsoro ne ya sa su. Wallahi abin nan yana ci min rai, baiwar Allah ba ta da mai tsaya mata a wajen.

A ganina nan igiya ta tsinke. Tawaye sarki ya iya haɗiyewa, amma ƙani ya kama mutum ya rataye kamar shi ke kan gado, wannan taɓa sarauta ce kai tsaye. Kuma ai George yaro ne da ya tashi ana masa kallon magaji har aka haifa wa Edward ɗa namiji a 1470, aka bar shi da dukiya da mayaƙa amma ba gadon sarauta.

A Yunin 1477 aka kulle George a Hasumiyar Landan, Edward da kansa ya gabatar da tuhumar gaban majalisa. Ranar 18 ga Fabrairu 1478 aka kashe shi yana ɗan shekara 28, ana cewa a gangar giya aka nutsar da shi.