Kauci ba daga jikin itace yake fitowa ba

Manoma da yawa sun ɗauka kauci tsiron itacen ne da kansa, shi ya sa ake cewa kaucin kaɗanya, kaucin ɗorawa, kamar kowane itace da nasa. Ba haka ba ne. Kauci tsiro ne daban mai fure da 'ya'ya, kuma tsuntsaye ne ke shuka shi.

'Ya'yansa na da ƙwara ɗaya a lulluɓe da wani abu mai danƙo. Akwai ƙaramin tsuntsu mai ɗigon rawaya a goshi, wanda kukansa ke kama da bugun maƙeri. Yakan haɗiye ɗan, ya dawo da ƙwarar ta baki, sai ta manne masa, ya goge ta a reshe. Nan take tsira, ba ta buƙatar ƙasa. Tana huda ɓawo ta kai ga jijiyoyin ruwa, ta riƙa zuƙe ruwa da gishirin da itacen ya jawo. Wurin ya kumbura, ƙarshen reshen ya bushe, 'ya'ya su ragu.

Fizge ganyen kaɗai aikin banza ne, domin gindinsa na cikin reshe, zai sake tohowa. A sare reshen kamar santimita 30 ƙasa da kumburin, kafin 'ya'yan kaucin su nuna.

Harbin tsuntsayen kuwa asara ce. Masu cin 'ya'yan itace su ne ke kai irin ɓaure da cediya wuraren da hannu bai shuka ba.