Shin Dimokuraɗiyya Ta Dace da Mutanen Asiya? Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da aka ce dimokuraɗiyya tsarin Turawa ne, sai ka ji an kawo Singafo ko ƙasar Sin a matsayin shaida: ga su can sun ci gaba ba tare da hayaniyar zaɓe ba. Wannan magana ba sabuwa ba ce a Asiya. Shugabanni sun yi ta, malaman jami'a sun shafe fiye da shekara 20 suna auna ta, kuma abin da suka tarar bai yi wa kowane ɓangare daɗi gaba ɗaya ba.

Daga ina muhawarar ta taso?

Daga bakin masu mulki. A shekarar 1994 mujallar Foreign Affairs ta Amurka ta buga hirar da ɗan jarida Fareed Zakaria ya yi da Lee Kuan Yew, wanda ya riƙe firaministan Singafo daga 1959 zuwa 1990. Lee ya nuna cewa mutanen gabashin Asiya suna fifita iyali da zaman lafiyar al'umma a kan son ran mutum ɗaya, don haka bai kamata a ɗauko tsarin Amurka a ɗora musu ba. Mahathir Mohamad, firaministan Maleshiya na lokacin, shi ma yana kan irin wannan ra'ayi, wanda aka yi wa laƙabi da "ɗabi'un Asiya".

Kafin shekarar ta ƙare, Kim Dae-jung, ɗan adawar Koriya ta Kudu, ya mayar da martani a cikin mujallar. Shi ba a littafi ya karanta kama-karya ba: an sace shi daga wani otal a Tokiyo a 1973, kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa a 1980. Hujjarsa ita ce, al'adun Asiya ba su hana dimokuraɗiyya ba, masu mulkin da ba sa son sauka ne suke fakewa da su. Ya kawo malamin Sin Mengzi, wanda ya rayu kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma ya karantar da cewa talakawa ne a gaba, sarki na baya, kuma sarkin da ya zalunci jama'a ya zubar da haƙƙinsa na sarauta. A 1997 masanin tattalin arziki ɗan Indiya, Amartya Sen, ya shigo da tasa: nahiyar da ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na mutanen duniya, ta yaya za a ce ɗabi'arta ɗaya ce?

A shekarar nan ta 1997 ne kuɗin Tailan ya faɗi, rikicin tattalin arziki ya bi yankin. Shugaba Suharto ya sauka a Indonesiya a watan Mayun 1998 bayan shekara 32, shi kuwa Kim ya ci zaɓen shugaban ƙasa a Disamban 1997. Kasuwar "ɗabi'un Asiya" ta yi sanyi na ɗan lokaci, har ƙasar Sin ta bunƙasa ta sake tayar da ita.

Me ya shigo da jami'o'i cikin zancen?

Abu ɗaya ne: kowa yana magana da yawun talaka, ba wanda ya tambaye shi. Malamai a Jami'ar Ƙasa ta Taiwan, ƙarƙashin jagorancin Hu Fu da Chu Yun-han, suka kafa shirin da yanzu ake kira Asian Barometer, wato ma'aunin ra'ayin jama'ar Asiya. Zagayen farko, tsakanin 2001 da 2003, ya shafi wurare 8: Japan, Koriya ta Kudu, Mongoliya, Filifin, Taiwan, Tailan, Hong Kong da Sin. Daga baya aka ƙara Indonesiya, Maleshiya, Singafo, Biyetnam, Kambodiya da Myanmar. Ana zaɓar mutane ta hanyar da za su wakilci ƙasa baki ɗaya, a je har gida a yi musu tambayoyi iri ɗaya da harshensu, a sake komawa bayan wasu shekaru a ga abin da ya canza.

Ba mamaki a Taiwan aka fara. Tsibirin ya zauna ƙarƙashin dokar soja daga 1949 zuwa 1987, bai zaɓi shugaban ƙasa kai tsaye ba sai a 1996, ga shi kuma al'adarsa ta Sinawa ce, irin wadda aka ce ba ta karɓar zaɓe. Wanda ya san Afrobarometer, da aka kafa a 1999 kuma take yin irin wannan aiki a Najeriya da Nijar da Ghana, ya san kamannin abin, domin 'yan gida ɗaya ne, wasu tambayoyin ma kusan iri ɗaya suke.

To me suka tarar?

Abin da ya fara ɗaure musu kai shi ne, kusan kowa yana son kalmar. Ka je ƙasar da ake zaɓe, ka je wadda jam'iyya ɗaya ke mulki, mafi yawan mutane za su ce dimokuraɗiyya abu ne mai kyau. Wani abin ma ya fi wannan: mutanen Sin da Biyetnam suna yawan cewa ƙasarsu tana bin dimokuraɗiyya kuma sun gamsu da ita, suna nuna amincewa da gwamnati fiye da mutanen Japan da Koriya da Taiwan, waɗanda su ne suke da 'yancin kayar da shugabanninsu.

Daga nan masu binciken suka gane cewa tambayar "kana son dimokuraɗiyya?" ba ta auna komai. Kamar ka tambayi mutum ko yana son gaskiya ne. Ɓarawo ma zai ce e. Sai suka ɓullo ta wata hanya, suka riƙa yin tambayoyin da kalmar ba ta cikinsu. Ka yarda a rufe majalisa, a soke zaɓe, a bar shugaba mai ƙarfi ya yanke komai? Ka yarda jam'iyya ɗaya kawai ta tsaya takara? Ka yarda soja su karɓi mulki? Ya kamata alƙali ya bi ra'ayin gwamnati a babbar shari'a? A nan ne aka ga bambanci. Ɗan Koriya da ke zagin 'yan majalisarsa safe da yamma, idan aka zo kan mulkin soja sai ya ƙi shi ƙememe. Wani kuma a wata ƙasar da ya gama yabon dimokuraɗiyya, sai ya ce ba laifi a hana jaridu buga abin da zai tayar da hankali.

Sun kuma tambayi ma'anar kalmar. Suka jera wa mutane zaɓi huɗu: 'yancin faɗin albarkacin baki, ƙa'idoji irin su zaɓe da majalisa, gwamnati mai aiki ba cin hanci, da kuma rage tazara tsakanin mai kuɗi da talaka. Jama'a da yawa, har a Japan, sun karkata ga biyun ƙarshe. Wato a wajensu dimokuraɗiyya ita ce gwamnatin da ke kula da mutane. Marigayi Shi Tianjian na Jami'ar Duke ya danganta wannan a ƙasar Sin da tsohuwar fahimtar nan cewa jama'a su ne tushen ƙasa: shugaba nagari yana sauraron koke, yana ciyarwa, amma ba lallai talaka ne ya naɗa shi ba. A ganina wannan ne wurin da Lee ya fi kusa da gaskiya, kuma abin lura shi ne, Mengzin da Kim ya kafa hujja da shi yana cikin tushen wannan fahimta.

Ba tsoro ne yake sa mutumin Sin ya yabi gwamnati ba?

Da tsoro a ciki. Baƙo ya zo ƙofar gidanka da takarda yana tambayar ra'ayinka kan jam'iyya mai mulki, ai sai ka yi kaffa-kaffa. Masu bincike suna da dabarar gwada wannan. A raba mutane gida biyu. Kashi na farko a ba su maganganu uku marasa haɗari, a ce su faɗi guda nawa suka yarda da su, ba tare da faɗin waɗanne ba. Kashi na biyu a ba su ukun nan, a ƙara ta huɗu mai zafi, misali goyon bayan gwamnati. Bambancin lissafin ɓangarorin biyu zai nuna yawan masu goyon bayan, ba a tona asirin kowa ba. Da aka yi haka a Sin, goyon bayan ya sauka ƙasa da abin da tambayar kai tsaye take nunawa. Amma bai ɓace ba. Wanda iyayensa suka ga yunwar 1959 zuwa 1961, shi kuma yau yana hawa jirgin ƙasa mai gudun tsiya, yana da dalilin gamsuwa da ba tsoro ba ne.

Indiya fa, wadda ake ce mata babbar dimokuraɗiyyar duniya?

Ita tun farko ta ƙaryata masu cewa sai an yi arziki da ilimi kafin a yi zaɓe. A zaɓen farko na 1951 zuwa 1952 masu rajista sun kai miliyan 173, mafi yawansu ba su iya karatu ba, aka yi musu alamomin jam'iyyu da hotuna. A birnin Delhi akwai cibiyar nazarin al'umma ta CSDS da Rajni Kothari ya kafa a 1963, wadda sashenta na Lokniti yake bin zaɓuɓɓuka yana tambayar masu ƙuri'a. Daga aikinsu ne masanin siyasa Yogendra Yadav ya nuna cewa a shekarun 1990 talakawa da 'yan ƙananan dangogi suna fitowa zaɓe daidai da masu hali ko ma fiye, akasin abin da aka saba gani a Amurka.

Yau gardamar ta koma kan ingancin abin. A 2021 cibiyar V-Dem ta Jami'ar Gothenburg da ke Suwidin ta sanya Indiya cikin ƙasashen da ake zaɓe amma mulkin ya karkata ga kama-karya, saboda matsin lamba kan 'yan jarida da ƙungiyoyi; gwamnatin Narendra Modi ta yi watsi da rahoton. Sai ga zaɓen 2024: an yi hasashen BJP, jam'iyyar Modi, za ta yi kaca-kaca da 'yan adawa, ta tashi da kujera 240, alhali ana buƙatar 272 don samun rinjaye a majalisa, dole ta jingina da ƙawaye. Kowane ɓangare ya ce sakamakon ya gaskata shi.

Ana barin malamai su yi wannan aiki?

Ya danganta da wurin, kuma ana iya rufe ƙofar da take a buɗe. A Jami'ar Hong Kong, Robert Chung ya fara shirin jin ra'ayin jama'a a 1991, ya yi ta tambayar mutane ko suna ɗaukar kansu 'yan Hong Kong ne ko Sinawa, amsar da ba ta yi wa Beijing daɗi. Shirin ya fita daga jami'ar a 2019, 'yan sanda suka shiga ofishinsa a Yulin 2020, kwanaki kaɗan bayan kafa dokar tsaron ƙasa. A watan nan ne jami'ar ta kori malamin shari'a Benny Tai, kuma a Nuwamban 2024 aka yanke masa ɗaurin shekara 10.

A Tailan, sashe na 112 na dokar laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya ci mutuncin sarki, don haka akwai tambayar da mai bincike ba zai rubuta a takardarsa ba. Jam'iyyar Move Forward, wadda ta fi kowa kujeru a zaɓen 2023 da ƙuri'un matasa, kotun tsarin mulki ta rushe ta a Agustan 2024 saboda neman gyara sashen.

Su ɗalibai fa?

Sau da yawa su ne a gaba, su ne kuma suke shan wuya: Jami'ar Thammasat a Bangkok ranar 6 ga Oktoban 1976, birnin Gwangju na Koriya ta Kudu a 1980, dandalin Tiananmen na Beijing a 1989, Jami'ar Trisakti a Jakarta a 1998, inda harbe ɗalibai huɗu ya gaggauta faɗuwar Suharto.

A ƙarshe wa ya yi gaskiya, Lee ko Kim?

Wanda yake son Lee zai nuna maka Singafo, inda jam'iyyar PAP take mulki tun 1959, da Myanmar da soja suka ƙwace ranar 1 ga Fabrairun 2021, da Filifin, inda jama'a suka kori Ferdinand Marcos a 1986 suka kuma zaɓi ɗansa a 2022. Amma Lee cewa ya yi al'ada ce take yanke hukunci, kuma nan ne hujjar take rauni. Koriya ta Arewa da ta Kudu harshe ɗaya, tarihi ɗaya. Taiwan da Sin haka nan. Ni dai na fi karkata ga Kim, ba don ya ci zaɓe ko ya karɓi kyautar Nobel a 2000 ba, sai don abin da ya faru a ƙasarsa shekara 15 bayan rasuwarsa.

Daren 3 ga Disamban 2024, Shugaba Yoon Suk Yeol ya fito a talabijin ya ayyana dokar soja. Jama'a suka yi tururuwa zuwa majalisa cikin sanyi, suka tare motocin soja, wasu 'yan majalisar sai da suka haura katanga kafin su shiga. Su 190 suka samu shiga zauren, dukkansu suka kaɗa ƙuri'ar soke dokar, har da 'yan jam'iyyar shugaban. Cikin kimanin awa shida Yoon ya janye. Majalisa ta tsige shi ranar 14 ga Disamba, kotun tsarin mulki ta tabbatar da saukarsa ranar 4 ga Afrilun 2025, alƙalai takwas ba wanda ya saɓa.